Ba Ta Plenty Road Ba

Litinin, 3 ga Yuni, da yamma

Jiya Bronwyn ta saka mini manhajar kiran mota a waya, ta yi ta maimaita mini bayani a hankali kamar mai magana da kurma. Ni Merv Tonkin, da na tuƙa tasi a Melbourne tun kafin a haife ta, yau 'yar cikina ce ke koya mini yadda ake kiran mota. Na ce mata na gane. Ban gane ba, amma da na danna yau da safe motar ta zo.

Na buɗe ƙofar gaba, sai na tarar da jaka da gorar ruwa da rigar sanyi jibge a kan kujera. Direban ya nuna mini baya da babban yatsa ya ce, "Yallaɓai, can."

Na ce, "Wane ne yallaɓai? Ni ba gwamna ba ne, kai kuma ba barana ba ne. Kwashe tarkacenka in zauna."

Tun da nake, namiji in shi kaɗai ne gaba yake zama kusa da direba, a yi hirar ƙwallo, a zagi gwamnati, a rabu lafiya. Wanda ya shige baya ya harɗe ƙafa raina ka ya yi, ko da bai ce uffan ba. Na ɗauki alƙalai da 'yan majalisa a tasina, duk a gaba suka zauna. Ya kwashe kayan yana tsaki ƙasa-ƙasa.

Muna fita daga layinmu wata muryar mace a cikin wayarsa ta ce a bi Plenty Road. Na ce a'a, titin St Georges za mu bi. Ya ce waya ta ce Plenty ta fi kusa. Na tambaye shi ko wayar ta taɓa riƙe sitiyari. Muka bi St Georges. Ta fi sauri, kowa ya sani.

Matata Nola tana nan a asibiti yadda take. Sun mayar da ita sashen gashin ƙashi, gadonta kusa da taga. Ƙugun yana haɗuwa, ƙafar hagun ce ke ba su wahala. Ta tambaye ni ko na ba kyanwa abinci, ko na tsinke lemun da ya nuna. Ban da wannan ba ta tambaye ni komai ba.

Laraba, 5 ga Yuni, bayan abincin rana

Wata mata mai kati rataye a wuya ta zaunar da ni da Bronwyn a wani ɗan ɗaki mara taga. Ita ce ke tsara sallamar marasa lafiya. Muryarta mai taushi, maganarta kuwa ba taushi a ciki. In ana so Nola ta koma gidanta, sai an riƙa kawo ta gashi sau uku a mako, a mota, a kan lokaci, har tsawon watanni. In hakan ba zai yiwu ba, akwai gado a gidan kula da tsofaffi a Frankston, kusa da Bronwyn.

Frankston! Matar da ta shuka kowane itace a gidanmu na Reservoir da hannunta, a kai ta ƙarshen duniya ta zauna tana kallon bango da 'yan shekara casa'in.

Na ce zan kawo ta. Matar ta ce, "Da wace mota, Mista Tonkin?" Ta san amsar, gata a rubuce a gabanta. Na ce lasisina na ɗan lokaci aka riƙe, har in ga likitan ido. Bronwyn ta sunkuyar da kai tana wasa da zobenta. Da ta buɗe baki ta ƙaryata ni ma da ya fi mini sauƙi.

An tsayar da magana: Asabar 22 ga wata zan ɗauko Nola a motar haya ta wuni a gida, daga ni sai ita, yadda za mu riƙa yi nan gaba. In ta iya shiga mota kuma tafiyar ta yi kyau, za a sallame ta. Tun ranar da aka kawo ta ba ta sake kusantar mota ba.

Alhamis, 6 ga Yuni, da safe

Mutanen inshora sun sake kira, wai in je in kwashe kayanmu daga cikin motarmu kafin su kai ta inda za su kai ta. Su riƙe.

Asabar, 8 ga Yuni, da yamma

Direban yau bai ce mini ko sannu ba. Abin sauraro toshe a kunnensa, yana hira da wani tun daga ƙofar gidana har bakin asibiti. Na ce St Georges, bai ji ba. Na taɓa kafaɗarsa, ya zabura kamar na soka masa allura. Ya ce kada in sake taɓa shi yana tuƙi. Na ce to ya cire abin kunnen ya ji abin da fasinja ke faɗa. A zamaninmu direban da ya yi haka ba zai ƙare mako a kamfani ba.

Wurin dawowa na samu wani da motarsa ke warin turaren kanti har ido na yaji. Shi ma Plenty Road. Dukansu Plenty Road, kamar an haɗa baki. Shin babu wata hanya a arewacin garin nan ne?

Na kai wa Nola lemo a leda. Ta shinshina ɗaya ta riƙe shi a hannu har na tashi tafiya.

Talata, 11 ga Yuni, da azahar

Yau na gano abin da ake yi mini. Kwana biyu ke nan ina kiran mota, in ga an karɓa, ƙaramar motar da ke cikin waya ta nufo layinmu, sai kawai ta juya ta ɓace. Na zaci wayar ce ta lalace.

Wanda ya zo daga ƙarshe wani mai rawani ne, Harjit, gemunsa ya fara furfura. Shi kaɗai ne ya ture kujerar gaba baya tun kafin in yi magana, ya ce, "Shigo, Kawu." Ya san ƙwallo, duk da dai ƙungiyar Collingwood yake goya wa baya, Allah ya shirye shi. Muna kan hanya ya ce, "Kawu, in faɗa maka gaskiya ba za ka yi fushi ba?"

Na ce zan yi, amma ya faɗa.

Ya ce, "Taurarinka sun zube ƙasa warwas. Yadda kake ba mu maki, haka mu ma muke ba ka. Duk direban da ya ga makinka gudu yake yi. Ni ma don na ga asibiti za ka ne na zo."

Wato ni ake ba maki. Ni! Mutanen da ba su iya kai kansu kasuwar Preston ba sai mace a waya ta ce dama ta ce hagu, su ne ke zaune suna yanke mini hukunci da yatsa. Na tambaye shi laifina. Ya ƙirga mini: zama a gaba ba tare da na tambaya ba, ba da umarni, taɓa direba. Wai tun lokacin annobar korona mutane suka koma baya, kuma yawancin direbobi sun fi son haka.

Ya ce, "Me ya haɗa ka da Plenty Road ne, Kawu? A wannan lokacin ta fi sauri fa."

Na ce masa ya kalli hanya. Bai sake tambaya ba. Mutumin kirki ne, amma a kan wannan bai san abin da yake faɗa ba.

Laraba, 12 ga Yuni, da safe

Ban yi barci ba. St Georges ta fi sauri, ba wani dalili.

Juma'a, 14 ga Yuni, da yamma

Yau ne aka sa za a koya mini yadda zan ɗaga Nola daga keken marasa lafiya in shigar da ita mota. Mai gashin ƙashi ta ware mini lokaci da ƙarfe goma sha ɗaya. Na ce ba zan roƙi motocin waya ba, jirgin ƙasa zan hau kamar kowa.

Na isa tashar Reservoir da wuri, na tarar da masu riga ruwan lemo suna nuna wa mutane waje. Babu jirgi, ana gyaran layi, bas za a hau a madadinsa. Shekara nawa ke nan ana gyaran layin nan? Bas ta farko ta cika ta wuce. Ta biyu ta tsaya, na sa ƙafa, sai na tambayi direban ta ina zai bi. Ya ce an karkatar da su yau, ta Plenty za su gangara. Na sauko. Wata mata a bayana ta ce, "Baba, shiga za ka yi ko fita?" Na ce ba ruwanta.

Na taka har High Street na tare tasi, tasi ta gaske mai fitila a ka, na ce yau zan zauna kusa da ɗan'uwa. Sai ga waya manne a gilashinsa shi ma, muryar matar nan dai ce a ciki. Abin ya fi komai ƙona mini rai. Na gaya masa na tuƙa irin wannan motar tun ana buɗe taswira a kan cinya. Ya ce, "Madalla." Shi ke nan, madalla.

A Hoddle Street muka maƙale a bayan wata babbar mota da ta mutu a tsakiyar titi. Na isa sha biyu ta wuce. Mai gashin ƙashi ta tafi wurin wani, matar nan mai kati kuma ta gan ni a baranda ta ce, "A'a, Mista Tonkin, ka samu zuwa." Ta dubi agogon bango. Ba ni ta duba ba, agogo ta duba.

Na tarar da Nola zaune a keken, an sa mata takalmi da rigar sanyinta shuɗiya, tun safe take jira. Ta ce, "Tsoho, ka makara." Na fara ba ta labarin jirgi da bas. Ta ce, "Cire mini takalmin nan, ya matse ni." Na durƙusa na cire, igiyar ta ƙi kwancewa.

Asabar, 15 ga Yuni, da hantsi

Gilashin karatun Nola yana cikin motar. Yau na tuna. Na saya mata wani a kantin magani, na ce wancan ya ɓace.

Lahadi, 16 ga Yuni, da la'asar

Bronwyn ta zo da naman gashi da dankali, ta ajiye a tebur, ba ta ko zauna ba. An kira ta daga asibiti a kan maganar Juma'a.

Ta ce, "Baba, so kake a kai Mama Frankston?"

Na ce ta iya bakinta a gidana.

Ta ce, "To me ya sa kake yin duk abin da zai sa a kai ta? Ka yi faɗa da duk direban da ke Melbourne. Ka sauka daga bas! Wa ke sauka daga bas bayan ya makara?"

Na ce direbobin ne ba su da tarbiyya, na fara yi mata bayanin kujerar gaba. Ta daka mini tsawa, abin da ba ta taɓa yi ba: "Babu wanda ya damu da inda ka zauna! Ba a kan kujera ake magana ba, kai ma ka sani!"

Kyanwa ta hau tebur tana shinshina naman, babu wanda ya kore ta.

Daga baya ta faɗi sharuɗɗanta, a tsaye, jaka a kafaɗa. Ranar Asabar ita za ta kira motar daga wayarta, tunda tawa ta zama abin gudu. Nola ce a gaba, don ƙafar tana bukatar wurin miƙewa. Ni a baya. Kuma ba zan ce wa direba komai ba, ko dama ko hagu, ko da tekun St Kilda ya nufa da mu. Ta ce, "Yi mini alkawari." Na ce ni ba yaro ba ne. Ta tsaya tana kallona da idon uwarta sak. Na yi alkawari.

Da ta tafi na zauna na ci naman da sanyinsa. Gishiri ya yi yawa.

Talata, 18 ga Yuni, da yamma

Na gwada zaman baya yau don in saba. Ba a ganin komai sai ƙeyar mutum. Na ce wa direban "don Allah" kafin in ce St Georges, ya bi ba musu. To me ya hana sauran?

An sake ba ni lokaci, na isa kafin mai gashin ƙashi. Akwai wata rabin mota ta koyo a ɗakin motsa jiki, ba taya ba inji, kujera ce da ƙofa kawai. Ta nuna mini: a juya baya ga kujera, a zauna tukuna, sannan a ɗaga ƙafafu a shigar. Nola ta kai har bakin ƙofar da ƙarfen dogarawarta, ta ɗora hannu a kan rufin, ta tsaya. Fuskarta ta yi fari fat. Ta ce, "Ba yau ba."

Mai gashin ƙashin ta ce ba komai, gobe ma rana ce. Ni kuwa na fita baranda na tsaya gaban injin shayi ina danna maɓalli ba tare da na san me nake dannawa ba. Na ji tsoro, in faɗi gaskiya. Rabin mota ce fa, ko motsi ba ta yi.

Alhamis, 20 ga Yuni, da rana

Ta shiga rabin motar, idonta a rufe. Likitan ido kuma ya gama dubansa. Ba zan rubuta abin da ya ce ba.

Juma'a, 21 ga Yuni, da yamma

Na share gida, na wanke zanen gado, na naɗe darduma daga hanya kada ta harɗe ta. Na rufe ƙofar gareji don kada ta ga wurin wayam. Na sayo burodin da take so a wurin 'yan Girka. Bronwyn ta kira sau biyu don ta tuna mini alkawari, kamar mai tuna wa mashayi.

Asabar, 22 ga Yuni, da almuru

Mace ce ta zo, Tigist, 'yar siririya, motarta tsaf. Ta fito da kanta ta ture kujerar gaba har ƙarshe, ta riƙe ƙofa. Matar nan mai kati tana tsaye a bakin asibiti, wai iska ta fito sha. Na juya Nola, na zaunar da ita, na ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mini. Da na ja bel zan ɗaura mata, na ji zuciyarta tana bugawa ta cikin rigar sanyi. Na shiga baya tare da ƙarfen dogarawa, gwiwoyina a maƙale.

Nola ta rufe ido tun kafin a tayar da mota. Na zura hannu ta gefen kujera na dafa kafaɗarta. Muka haye kogi, muka bi Hoddle. Tigist tana tuƙi a natse, ba zan yi mata ƙarya ba, ko da yake tana taka birki da wuri fiye da kima. Ban ce komai ba. Ta bar wata babbar mota ta shige gabanmu ba dalili, nan ma ban ce komai ba.

Mun wuce unguwar Northcote muna hawa High Street, sai muryar nan ta ce a riƙe dama, a shiga Plenty Road.

Na buɗe baki. Na rantse "don Allah" zan fara cewa. Nola ta ɗora hannunta a kan nawa, idonta har yanzu a rufe, ta ce, "Merv, ka yi wa Bronwyn alkawari."

Na ce, "Nola, ba ki ji inda ta ce ba ne?"

Ta ce, "Na ji. Ƙafata ce ta karye, ba kunnena ba."

Tigist ta dube ni ta madubi ta ce, "Baba, in sauya hanya ne?" Nola ta ce, "A'a 'yata, bi yadda aka ce miki. Sau uku a mako za mu riƙa wucewa, ba za mu yi ta kewaye gari ba."

Ban taɓa sanin gangaren nan yana da tsawo haka ba. Na san kowane shago, ina ganinsu suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Na yi ta addu'ar mu samu kore mu wuce da sauri. Muna isa mahaɗar Bell Street, inda muka yi hatsarin, danja ta ba da ja, kuma mu ne a sahun gaba.

Nola ta buɗe ido. Ta dubi hagu, inda motocin Bell ke fitowa, ta daɗe tana kallo. Ta dubi sandar fitila, sabuwa ce, fentinta ya bambanta da na sauran. Motoci suna ta giftawa a gabanmu. Ni ƙeyarta kawai nake kallo, da wurin da aka aske aka ɗinke, gashin ya fara tsirowa fari.

Can ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ni ma ban ga jar ba, Merv. Rana ce ta haske mana ido, mu duka biyu."

Danja ta ba da kore, muka wuce.

Ta wuni a gida. Ta ci burodi, ta yi mini faɗa a kan yadda na yi wa itacen lemo aski, kyanwa ta yi barci a cinyarta. Da la'asar na mayar da ita, ta nan dai muka sake bi, idonta a buɗe. Matar mai kati ta ce ranar Laraba za a sallame ta, zuwa Reservoir.

Ƙarya Nola ta yi. Ranar hatsarin ruwa ake yi tun asuba, babu rana ko ta magani, ita da kanta ta ce in kunna abin share gilashi. Kuma ta ga jar, don ta kira sunana. Tun da na aure ta ban taɓa kama ta da ƙarya ba sai yau, a gaban baƙuwa, ni kuma na zauna a baya na yi shiru na karɓa.